Wa ya taɓa haɗa magnesiyam da maganin asibiti?

Maman 'yan biyu:
Salam 'yan uwa. Shekara uku kenan ina shan levothyroxine na tayrod (ƙwayar da ke gaban wuya), sai na fara shan magnesiyam saboda jijiyar ƙafata dake ɗaurewa da daddare, da safe nake haɗa su gaba ɗaya in kora da ruwa, ni a tunanina ai ƙarin sinadari ne kawai ba magani ba. Wlh bayan wata biyu kasala ta dawo, ga jin sanyi ga nauyin jiki, aka yi gwajin jini na tayrod, wato TSH, aka ga ya hau, alamar maganin baya isata. Likita tace magnesiyam ɗin ne ke riƙe maganin a hanji baya shiga jini yadda ya kamata, in bar awa 4 tsakani. Na mayar da magnesiyam ɗin dare. Dan Allah akwai wanda hakan ta faru dashi?

Ƙanwarku:
Wa'alaikumussalam Anti, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ciprofloxacin aka bani na ciwon fitsari, ina sha ina bin bayansa da maganin olsa na ruwa, ashe magnesiyam ne a ciki ban ma sani ba. Kwana biyar zafin fitsari na nan, sai mai bada magani yace cipro ana shansa awa 2 kafin magnesiyam ko awa 6 bayansa. Yace doxycycline, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ma ana raba shi da magnesiyam.

Mai jinyar Baba:
Naku ma da sauƙi. Mahaifinmu na da ciwon ƙoda, muka riƙa bashi magnesiyam don barci, sai yawan gyangyaɗi da mutuwar jiki, hawan jininsa ya faɗi ƙasa sosai, ashe ƙodar bata iya fitar dashi taruwa yake a jini. Kwana biyu muka yi a asibiti, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Dattijo:
Ni nawa akasin naku ne 'ya'yana. Na fi shekara biyu kan omeprazole na olsa ga kuma furosemide mai sa fitsari, su suka zuƙe min magnesiyam har hannu na rawa, likita da kansa ya rubuta min.

Maman 'yan biyu:
Allah ya baku lafiya Baba. Mai jinya, yanzu ya jikin nasa, an hana shi gaba ɗaya ne?