Neman Shawara Kan Wasan Geocaching a Tsakiyar Birnin Chicago

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka saba da wasan geocaching, wanda ake bin GPS na waya a gano ƙaramin akwatin da wani ya ɓoye, a rubuta suna a takardar ciki, a mayar da shi wurinsa.

Mun tsara kai yara Chicago a hutun ranar ma'aikata ta Amurka, farkon Satumba, domin su ga Cloud Gate, sassaƙen ƙarfen nan mai ƙyalli na Anish Kapoor, su kuma yi wasa a Crown Fountain, inda fuskokin mutanen birnin ke bayyana a hasumiyoyi biyu suna feso ruwa ta baki. Dukkansu suna cikin filin shaƙatawa na Millennium Park.

Matsalar ita ce, a zuwanmu na baya, da zarar mun shiga titunan da dogayen gine-gine suka rufe, sai kibiyar wayar ta riƙa juyawa, nisan yana tsalle daga mita 5 zuwa mita 40 alhali muna tsaye wuri guda. Na fahimci bangaye ne ke karkatar da saƙon tauraron ɗan'adam, kuma saita kamfas ɗin bai sauya komai ba. Yaran sun gaji, ga kunyar laluben ƙarƙashin benci a gaban jama'a.

Shin na'urar GPS ta hannu za ta fi waya a irin wannan wuri, ko kuwa gara mu dogara da hoton taswira da alamar da mai akwatin ya bayar? Akwatunan bakin tafkin Michigan, inda sarari yake a buɗe, sun fi dacewa da ƙananan yara? Allah ya saka da alheri.