Lahadi a Leipzig: ina ake samun abokan hira?

Baƙon Leipzig:
Assalamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan da zuwana Jamus, ina aiki a wani kamfanin na'urori. Ranakun aiki da sauƙi, Lahadi ce ke neman kashe ni. Kantuna a rufe in ban da na tashar jirgin ƙasa, unguwa tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, ga shi a Disamba ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Abokan aikina mutanen kirki ne, amma ana tashi kowa zai kama gabansa. Na taɓa ce wa ɗaya ya zo mu sha shayi, sai ya zaro waya ya ba ni rana bayan mako uku! Ku da kuka daɗe, yaya kuke yi?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wancan mai mako ukun ba wulaƙanci ya yi maka ba, zai zo, kuma ba zai makara ba. Bajamushe ba a bakin titi yake abota ba, a ƙungiya yake yi, abin da suke kira Verein. Ta ƙwallo, ta waƙa, ta kamun kifi, har ta masu kiwon zomo akwai.

Ni lambu ne ya cece ni. Kai da kake Leipzig ma, a nan aka kafa ƙungiyar Schreber ta farko a 1864, wadda waɗannan ƙananan lambunan haya suka samo suna daga gare ta. Sai dai doka kamar me: ta 1983 ta ce kada lambu ya wuce murabba'in mita 400, 'yar rumfar ciki kuma 24, sannan kotu ta ce wajen kashi ɗaya cikin uku sai ka shuka abin ci. Makon farko maƙwabcina, wani dattijo, ya zo da abin awo ya gwada tsayin shingena, ya girgiza kai, ya tafi ko kala bai ce ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara biyu bayan nan, shi ne ya miƙo min mabuɗin lambunsa in riƙa ba tumatirinsa ruwa zai tafi hutu. Har yau yana ƙorafin shingen.

Maman Biyu:
Malam, yaya Jamusancinka? Can gizo ke saƙar. Ni makarantar manya ta gari na shiga, Volkshochschule, ajin ɗinki kowace Laraba da yamma. Wata huɗu muna kiran juna da "Sie" na girmamawa, sai rannan wadda ke zaune kusa da ni ta ce mu koma "du" na abota. Wallahi kamar an ba ni sarauta. Lahadin kuma kada ka zauna a ɗaki. In kana da Deutschlandticket, tikitin wata na bas da jiragen yanki, hau jirgin yanki ka je Dresden, ka wuce duwatsun Bastei ka taka ƙasa. Amma fa ban da ICE, jirgin ƙasa mai gudu na dogon zango, tikitin bai shafe shi ba.

Ɗan Gola:
Yaya Tsohon Hannu, da girmanka, amma saurayi za ka tura noman tumatir? Baƙo, nemi ƙaramin kulob na unguwa, masu buga Kreisliga, gasar ƙananan kulob ta yanki. Kullum suna neman ƙafa. Bayan atisaye su sha giyarsu, ni in riƙe ruwan tuffa mai gas, ba wanda ya taɓa tambayata dalili bayan ranar farko. Mai tsaron bayanmu ne ma ya kawo mota ya kwashe min kaya da na sauya gida.

Baƙon Leipzig:
Na gode ƙwarai. Maman Biyu, Jamusancin nawa na sayen burodi ne kawai, kin kama ni. Akwai fili bayan layinmu, ina jiyo usur duk Talata da dare, zan leƙa. Ɗan Gola, rabona da ƙwallo shekara shida, ga tumbi ya fara fitowa. Za su karɓe ni haka?

Ɗan Gola:
Je ka ga tumbin golansu tukuna. Ka dai isa minti goma kafin lokaci.