Kwalaben man shafawa 7, ko ɗaya bai ƙare ba

Maman Biyu: Jiya ina gyaran durowa na ƙirga kwalaben man shafawa 7, duk a buɗe. Ɗaya har ya tsinke, ƙamshinsa ya canza. Don Allah yaya kuke danne zuciya ku daina sayen abin da kuke da shi?

'Yar Auta: Yaya, duba bayan kwalbar. Akwai hoton ɗan buɗaɗɗen gwangwani da 6M ko 12M, watannin da zai yi ke nan bayan an buɗe. Fara da wanda ya fi daɗewa.

Maman Biyu: Ikon Allah, ban taɓa lura ba!

Baban Yara: Ni in abu ya burge ni, sai in bar shi kwana 3, yawanci kwaɗayin ya wuce. Takalma ne dai har yanzu suke kayar da ni.