Alice Cooper ya ƙare tun 1974, in ji Ɗan Fagge

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Zan faɗi magana, na san za a yi mini ca, amma ina kan bakana. Alice Cooper ya ƙare tun 1974. Duk faifan da ya fito da wannan suna bayan nan, mutum ɗaya ne da 'yan haya suna bin inda kasuwa ta karkata. Ga wanda bai sani ba, sunan nan asalinsa na ƙungiyar kiɗan rock ce ta mutum biyar da suka taso daga Phoenix ta jihar Arizona a Amurka: Vincent Furnier mai waƙa, Glen Buxton da Michael Bruce masu jita, Dennis Dunaway mai jitar bes, sai Neal Smith a kan ganguna. Su suka yi Love It to Death da Killer a 1971, School's Out a 1972, Billion Dollar Babies a 1973. Faifai huɗu cikin shekara biyu, babu na yarwa. Da suka watse sai mai waƙar ya rungume sunan ya maida shi nasa a hukumance, ya ci gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Autan Zaure: Haba Yaya. Ni fa da waƙar Poison na san shi, kuma 1989 ce. Kana nufin gawa ce ta rera ta?

Ɗan Fagge: Auta, zauna tukuna, za mu zo kan Poison ɗinka.

'Yar Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Yaya Ɗan Fagge, ka ƙirga faifai huɗu ka tsallake uku, kuma da gangan ka yi. Mutum biyar ɗin nan bakwai suka yi tare kafin su rabu. Ina Pretties for You na 1969 da Easy Action na 1970, waɗanda suka fito a kamfanin mawaƙi Frank Zappa? Sa na farkon yanzu ka saurara tsakaninka da Allah. Waƙa ta fara, kafin ka gane inda ta dosa ta sauya sheƙa, kafin ka kama sabuwar ta ƙare. Kowa na kiɗa nasa. Da ƙyar faifan ya leƙa jadawalin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, a lamba 193. To su ne dai mutum biyar ɗin, babu ɗan haya ko ɗaya. Me ya sauya tsakanin 1970 da 1971? Abu biyu. Sun bar Los Angeles sun koma yankin Detroit, inda ake son kiɗa mai tsauri irin na ƙungiyoyin Stooges da MC5. Sannan wani saurayi ɗan Toronto, Bob Ezrin, ya zama furodusansu, lokacin bai fi shekara 21 ba. Shi ya zaunar da su ya yi ta aske waƙoƙin. I'm Eighteen doguwa ce da suke ja a dandamali, shi ya datse ta ta koma minti uku, ta kai lamba 21 a Amurka. Sautin da kake kuka a kansa, mutum shida ne suka yi shi. Kuma na shidan bai tafi ba a 1974, shi ya yi Welcome to My Nightmare a 1975.

Mai Situdiyo: Anti ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu da muke kwana a gaban na'ura mun san abin nan. Mawaƙi zai zo da abu minti tara, duk yana son a bar masa, aikinka ka ce masa wannan baitin ne waƙar, sauran surutu ne. In kana son ka ji hannun Ezrin, saurari muryoyin yara a School's Out, sannan ka saurari na faifan The Wall na Pink Floyd a 1979. Mutum ɗaya ne a bayansu.

Ɗan Fagge: Furodusa wanzami ne, na yarda. Amma wanzami ba ya aske kan da babu gashi. Wa ya kawo salon jitar da ya buɗe School's Out? Buxton. Wa ya rubuta Be My Lover, wa ke da hannu a No More Mr. Nice Guy? Michael Bruce. Kai Mai Situdiyo, tunda kunne gare ka, sa Killer ka bi bes ɗin Dunaway kaɗai. Ba ya tsayawa a ƙasa yana riƙe wa mutane kaya kamar sauran masu bes, yawo yake yi, wani lokaci shi ke jan waƙar. Wannan ba a hayar sa.

Mai Situdiyo: A kan Dunaway ban ja da kai ba ko kaɗan. Halo of Flies ta ishe ni shaida, fiye da minti takwas kuma ba ta gundura.

Kawu: Ku ba ni wuri in sa baki, ni da na ga abin da idona. A 1972 ina karatu a Ingila. Watan Agusta waƙar School's Out ta hau lamba ɗaya ta yi sati uku a can. A ɗakin kallon talabijin na masaukin ɗalibai na fara ganinsa, a shirin Top of the Pops, ido ya sha baƙin kwalli har kumatu, takobi a hannu. Wata dattijuwa mai suna Mary Whitehouse, wadda ta yi suna wajen yaƙi da abin da take gani rashin tarbiyya ne a talabijin, ta kai ƙara BBC. Ƙarar nan ta zame musu talla kyauta, har mai waƙar ya aika mata da furanni na godiya. Shekarar da ta biyo baya wani ɗan majalisa, Leo Abse, ya nemi a hana su shiga ƙasar.

Na sayi Billion Dollar Babies da kuɗin da ya kamata in sayi rigar sanyi. Kwalinsa an yi shi kamar walat na fatar maciji, kore, ka buɗe ka tarar da katuwar takardar kuɗi ta dala biliyan ɗaya a ciki. Yana nan a akwatina, gefensa duk ya cinye.

Abin da zan gaya maka ɗana Ɗan Fagge, a lokacin nan ma babu wanda ke cewa "su". Kowa "shi" yake cewa. Mu da muke sayen faifan, in ka tare mu a hanya ka ce mu kawo sunan mai ganguna, rabinmu ba za mu iya ba. Sunan ya riga ya koma kan mutum ɗaya tun kafin a je gaban hukuma.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara girma Kawu. Amma abin da ka faɗa ai shi ne zaluncin da nake magana a kai.

Kawu: Zalunci daban, mutuwa daban. Kai mutuwa ka ce.

Na Damagaram: Ni tambaya gare ni, ku yi haƙuri. Mutumin da ke rataye kansa a gaban jama'a, yana yawo da maciji a wuya, an ce har kaza ya kashe a dandamali, shi ne muke ɓata dare a kansa?

'Yar Tudun Wada: Malam, wasan kwaikwayo ne, kamar mai wasa da maciji ranar kasuwa, sai dai shi nasa da fitilu da tikiti. Injin fille kan da suka yi yawo da shi a 1973, wani mai rufa-ido James Randi ne ke kula da shi, shi ne ma ke fitowa a matsayin hauni. Kuma in ka lura da tsarin wasan, mugun ne ake hukuntawa a ƙarshe kullum. Kazar kuwa a Toronto ne, 1969. Ya ɗauke ta ya wurga sama, a cewarsa yana zaton za ta tashi tunda tana da fiffike, ta faɗa cikin 'yan kallo, su suka yayyaga ta. Jaridu suka ce ya cije mata kai. Zappa ya ba shi shawarar kada ya ƙaryata. Alice Cooper ɗin kansa ɗan mai wa'azin coci ne, ya bar giya tun 1983, yanzu golf ne abin da ya fi ɗauke masa hankali.

Na Damagaram: To Allah ya kyauta. Kazar dai ta mutu.

'Yar Tudun Wada: Wannan kam ba musu. Yaya Ɗan Fagge, dawo nan, ban gama da kai ba. Ka ce 'yan haya. Dick Wagner da Steve Hunter, waɗanda suka yi jita a Welcome to My Nightmare, ka san sun riga sun yi kiɗa a cikin Billion Dollar Babies, saboda Buxton ba shi da lafiya a lokacin? Wagner har a School's Out akwai hannunsa. A Killer ma Rick Derringer ya buga a Under My Wheels. Wato faya-fayan da kake rantsuwa da su, 'yan hayar na ciki kana ta yi musu tafi ba ka sani ba. Sannan ga Muscle of Love, ƙarshen 1973: mutanenka ne, Ezrin ba ya nan, ya tsaya a lamba 10 bayan wanda ya gabace shi ya yi lamba ɗaya a Amurka da Ingila. A 1977 Bruce da Dunaway da Smith suka kafa tasu ƙungiyar suka fitar da Battle Axe, ba Furnier ba Ezrin. Wa ya saya?

Ɗan Fagge: Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma ciniki ba shi ne ma'aunin daɗi ba. Kuma ki bar ni in karanto miki abin da ya biyo baya, ki gaya mini ko wannan tafiyar mai alƙibla ce. Daga 1975 zuwa 1978 waƙoƙinsa da suka yi kasuwa duk masu sanyi ne: Only Women Bleed, I Never Cry, You and Me. Mutumin da iyaye ke tsoro ya koma wanda ake sa wa a rediyon kicin. 1980 da sabon yayin kiɗan na'ura ya shigo, sai ga Flush the Fashion da siririyar murya kamar ta mutum-mutumi. 1986 da kiɗa mai tsauri na heavy metal ke tashe, sai ga Constrictor da wani ƙaton mai jita Kane Roberts. 1989 ya ɗauko Desmond Child, wanda ya rubuta wa Bon Jovi manyan waƙoƙinsu, suka yi Trash. Auta, Poison ɗinka ke nan: cire muryar ka sa ta Bon Jovi, ba abin da zai ragu. 2000 da Marilyn Manson da Rob Zombie suka cika gari, sai ga Brutal Planet da kiɗa kamar injin niƙa. Uban gida ya koma kwaikwayon yaransa. Da shi ake bi, daga baya shi ke bi.

Autan Zaure: Ni dai ta kai lamba 7 a Amurka, lamba 2 a Ingila, yana da shekara 41. Kuma ba don ita ba da ban taɓa neman Killer ba. Yanzu ina da shi a waya.

Mai Situdiyo: Yallaɓai Ɗan Fagge, jerinka gaskiya ne amma ka yi irin abin da Anti ta kama ka da shi, ka zaɓi na zaɓa. Ka tsallake From the Inside na 1978, wanda ya rubuta da Bernie Taupin bayan ya kwanta a asibitin masu fama da shaye-shaye a New York, waƙoƙin a kan mutanen da ya zauna da su a ciki. Wace kasuwa ce ke neman wannan? Ka kuma tsallake DaDa na 1983. Ezrin da Wagner ne suka yi shi da shi, lokacin giya ta kusa kai shi kabari, shi da bakinsa ya ce ba ya tuna ɗaukar faya-fayan wancan zamanin. Ko yawon tallata shi bai yi ba. Sa shi da daddare da abin kunne. Akwai wata ƙara da ke maimaita kanta a farkon faifan kamar bugun zuciya, ga muryar yarinya ƙarama tana kiran baba. Ni a wajena ya fi duk ratayar 1971 ban tsoro, don wancan wasa ne, wannan kuwa mutumin da gaske yana nutsewa. In 1974 ya mutu, wa ya yi wannan?

Ɗan Fagge: DaDa na ba ka. Guda ɗaya.

Mai Situdiyo: Da From the Inside biyu.

Ɗan Fagge: Ɗaya da rabi. David Foster ya goge shi ya yi santsi da yawa.

Kawu: Wani abu da ban ji kowa ya ambata ba. Johnny Rotten, mawaƙin ƙungiyar Sex Pistols, da I'm Eighteen aka gwada shi kafin a ɗauke shi, kuma Killer yake yabo. Masu kiɗan da suka ce daga Alice Cooper suka koyo, yawancinsu faya-fayan 1971 zuwa 1973 suke nufi. A nan ɗana yana da gaskiya. Da aka shigar da su Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwanayen kiɗan rock, a 2011 ma, ƙungiyar ta mutum biyar aka shigar, har da Buxton da ya mutu tun 1997.

Ɗan Fagge: Kawu ya raba gardama.

'Yar Tudun Wada: Bai raba ba. Kawu ka yi haƙuri. Yaya, a watan Yulin 2025 mutum huɗun da suka rage sun fitar da The Revenge of Alice Cooper, cikakken faifansu na farko tare tun Muscle of Love, Ezrin ne furodusa, har an sa jitar Buxton daga wani tsohon ɗauka a waƙa ɗaya. In maganarka gaskiya ce, dole wannan faifan ya fi Welcome to My Nightmare da DaDa da duk abin da ya yi shi kaɗai cikin shekara hamsin, tunda ga mutanenka sun dawo. Ya fi su?

Ɗan Fagge: Mutane ne 'yan saba'in da ɗoriya, ƙanwata. Ba a gwada su da 'yan ashirin da biyar.

'Yar Tudun Wada: Ba shekarunsu na tambaya ba. Ka saurare shi ko ba ka saurara ba?

Ɗan Fagge: Waƙa uku na ji.

Autan Zaure: Uku! Kawu ka ji fa.

Ɗan Fagge: Data ce ta ƙare. Mai Situdiyo, gobe bayan la'asar zan biyo ta wajenka, ka sa mana shi a manyan sifikunka tun daga farko, sannan ka sa Killer a bayansa. Kawu, in da hali a taho da kwalin nan mai fatar maciji mu gani.

Kawu: Kwalin ba ya fita daga gidana. Wanda ke son gani ya zo.