Neman shawara: na kasa gane yadda furotin mai hanawa ke tsare tantanin halitta

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce a sashen kimiyyar halittu, ga shi jarrabawa ta ƙarato. Mun kai babin furotin masu danne ƙwayoyin gado, wato waɗanda ke hana a kwafi saƙon DNA zuwa RNA. Na haddace zanen littafin tsaf, amma da malaminmu ya tambaye ni abin da zai sami tantanin halitta idan irin wannan furotin ya lalace, sai na ce aikinsa zai tsaya, ashe akasin haka ne. Tun ranar abin yake damuna. Ta yaya rasa mai hanawa ke jawo girma marar iyaka, kuma yaya zan karanta babin nan in fahimce shi, tunda haddar ba ta fisshe ni ba?

Wani malamin kimiyyar halittu:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki ajiye tantanin mutum tukuna, ki koma ga bakteriyar E. coli, domin a kanta ne François Jacob da Jacques Monod suka bayyana wannan tsari a 1961 a Cibiyar Pasteur da ke Faris, aikin da ya sa suka sami kyautar Nobel a 1965 tare da André Lwoff.

Wannan bakteriya tana da ƙwayoyin gado uku a jere da suka shafi amfani da laktos, wato sukarin madara. Idan babu laktos, ƙera kayan aikin sarrafa shi asarar ƙarfi ce, saboda haka furotin mai hanawa yakan zauna daram a wani ɗan gurbi na DNA daf da inda kwafi ke farawa, sai inzayim (furotin mai gudanar da aikin sinadarai) da ke kwafar DNA zuwa RNA ya kasa gudanar da aikinsa. Da laktos ya shigo, wani ɓangarensa yakan rikiɗe zuwa alolaktos, ya liƙe wa furotin ɗin ya sauya masa siffa, nan take ya saki DNA. Ki lura da kyau, 'yata: sukarin janye mai tsaron hanya kawai ya yi, kwafin kuwa dama a shirye yake. Yanzu ki ɗauki fensir ki goge furotin ɗin daga zanenki. Za ki ga kwafi yana gudana ba dare ba rana, ko da laktos ko babu, kuma haka aka gani a bakteriyar da wannan furotin nata ya lalace. Duk mai hanawar da kika haɗu da shi, ki tambayi inda yake zama, da abin da ke tayar da shi, da abin da zai ɓarke idan ba ya nan.

Wata ɗalibar likitanci:

'Yar'uwa, in ɗora a kan bayanin Malam da misalin da ya buɗe mini ido. A jikin mutum akwai furotin Rb, wanda ƙwayar gadonsa ke kan kuromosom na 13. Yana riƙe wasu furotin da ake kira E2F, su ne ke buɗe ƙwayoyin gadon da tantani ke buƙata kafin ya kwafi DNA ɗinsa ya rabu biyu. Idan saƙon girma ya iso, inzayim na CDK4 da CDK6 sukan liƙa wa Rb fosfet, sai ya sassauta riƙo. Idan kuwa kwafi biyun na wannan ƙwayar gado, wato na wajen uwa da na wajen uba, suka lalace, E2F ba shi da linzami, tantani ya yi ta rabuwa. Daga nan sankarar ido ta ƙananan yara, retinoblastoma, ke tasowa, kuma a kanta ne Alfred Knudson ya kawo bayaninsa na bugu biyu a 1971: yaron da ya gaji kwafi ɗaya lalatacce, bugu ɗaya ne kawai ya rage masa, shi ya sa cutar kan kama shi da wuri, sau da yawa a ido biyu.

Wani ɗalibin digiri na biyu:

Ƙanwata, ki kiyayi tarko biyu a jarrabawa. Rb ba ya kama DNA da kansa kamar na laktos. Ta jikin E2F yake isa wurin, sannan ya jawo inzayim masu cire sinadarin asetil daga histon, wato furotin da DNA ke naɗe a jikinsu, sai DNA ya naɗe tamau, kwafi ya gagara. Kuma ba kowane mai hanawa ne sinadari ke korarsa ba. Mai hanawa na tiriftofan (ɗaya daga cikin tubalan gina furotin) a E. coli sai sinadarin ya yawaita ya liƙe masa sannan yake iya hawa DNA ya rufe hanya.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Na goge furotin ɗin daga zanena kamar yadda Malam ya ce, kuma na ga inda na kauce. Saura tambaya ɗaya: shin Rb zai iya rasa ƙarfinsa alhali ƙwayar gadonsa lafiya lau take?

Malamin:

Ƙwarai kuwa, 'yata. Ƙwayar cutar HPV, wadda ke haddasa mafi yawan sankarar bakin mahaifa, tana ƙera furotin E7 da ke kama Rb ya sa a rushe shi, sai E2F ya kuɓuta. Ki zana wannan ma kusa da na laktos, ki turo mana mu duba.