Kuɗin haya da sayen hatsi sun faɗo mana wata ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da maiɗakina muna hayar ciki da falo a Ringim, naira 120,000 a shekara, ana biya a Nuwamba. Albashina 70,000 ne: 10,000 ajiyar haya, 35,000 cefane, ragowar ta tafi ga 'yan garuwa, gawayi da kason wuta.

Ga inda na maƙale. Nuwamba kaka ce, gero na araha. In na taɓa ajiyar na sayi buhu, mai gidan ba ya jira. In na bari, sai awon mudu-mudu da tsada har damina. Kwasar adashina kuwa sai Fabrairu.

In nemi uwar adashi ta musanya min kwasa, ko in roƙi mai gidan ya riƙa karɓa kashi biyu? Wanda ya gwada, don Allah wanne ya fi sauƙi?