Me ya sa masu tuƙin ƙaramin jirgin sama don sha'awa suke ajiyewa?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar jiragen sama ku fahimtar da mu. Mutum zai zuba kuɗi ya koyi tuƙin ƙaramin jirgi don sha'awa, har ya karɓi lasisi, bayan 'yan shekaru sai a ji ya ajiye. Tsadar makaranta ce ke karya su ko da wani abu? Kuma mazaunin ƙauye irin namu zai iya riƙe abin?

Na Gaya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kuɗin makaranta sau ɗaya ake biya. Abin da ke kora shi ne jirgi ba ya yarda a yi masa dogon hutu. Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta lasisin PPL, wato na mai tuƙi don kansa ba na kasuwanci ba, ita ce aƙalla awa 40 a sama, 10 daga ciki kai kaɗai, har da tafiyar kilomita 270 da sauka a filaye biyu daban. To amma akasari ana wuce awa 40 ɗin. Wanda ke zuwa darasi sau ɗaya a wata, rabin lokacinsa wajen tuno na baya yake ƙarewa, kuma kowane minti kuɗi ne. Sau biyu ko uku a mako shi ne daidai, wanda ke nufin sai ka tare kusa da makaranta, ko kwalejin koyon tuƙin jirgi ta NCAT da ke Zariya da aka kafa a 1964, ko ta Ilori.

Bayan lasisi ma ba a gama ba. Ba za ka ɗauki fasinja ba sai ka tashi ka sauka sau uku cikin kwana 90 da suka wuce. Ga takardar likita, wadda idan ka haura shekara 40 duk shekara biyu take ƙarewa. Hawan jini ko ciwon suga na iya dakatar da mutum. Da hannu ya yi sanyi sai fargabar sauka ta shigo, mutum ya riƙa cewa sai mako mai zuwa, har shekara ta zagayo.

Bakanike daga Wudil:
Yallaɓai ya faɗi na direba, ga na jirgin. Doki ne, ko ka hau ko ba ka hau ba sai ya ci. Ƙaramin jirgi Cessna 172 na shan lita 30 zuwa 35 a awa, kuma ba fetur ɗin gidan mai ba ne, fetur ɗin jirgi ne na musamman, Avgas 100LL, daga waje ake shigo da shi. Wahalar samunsa na cikin dalilan da suka sa NCAT ta koma jiragen kamfanin Diamond masu shan Jet A1, man da manyan jirage ke sha. Baƙin mai ana juye shi duk awa 50 ko wata huɗu, wanda ya riga zuwa. Injin Lycoming kuwa, irin wanda ke cikin Cessna ɗin, kamfanin ya ce a kwance shi a sabunta a wajen awa 2,000 ko shekara 12, ko da a ajiye ya yi shekarun.

Ajiyar ce ma ta fi lalata shi. Mai ya tsane daga jikin ƙarafa, danshi ya taru, tsatsa ta kama silinda. Da damina ruwa na taruwa a ƙasan tanki, dole a tsiyayo kaɗan a kofi a duba kafin kowane tashi. Sannan ga zanzaro, wanda mutane ke rainawa: yana gina ɗakinsa na laka a cikin siririn bututun da ke auna gudu a ƙarƙashin fiffike. Idan ba a rufe bututun ba, sai kana tsakiyar gudu a titin tashi ka ga allura ta ƙi motsi.

Ɗan Haɗeja:
Ku ƙara da yanayi, don shi ne namu na nan. Mai PPL da ido yake tuƙi, yana buƙatar hangen kilomita 5. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe Kano har manyan jirage su fasa sauka, balle ƙarami. Da bazara zafi ya haura 40, iska ta yi sako-sako, injin ya rage ƙarfi, jirgi ya ci doguwar hanya kafin ya ɗaga, shi ya sa ake sammako. Da damina hadari na tasowa daga gabas da yammaci ba sallama.

Batun ƙauye kuwa, Malam, kada ka sa ran share gona ka riƙa sauka, filin sauka sai da izinin hukuma. Ko dai Dutse ko filin Malam Aminu Kano, kuma awa guda a sama kan cinye maka yini idan ka haɗa da hanya, duba jirgi da cike takardu. Masu ɗorewa galibi haya suke yi, ko mutum uku zuwa huɗu su haɗa kuɗi kan jirgi guda, su rubuta tun farko nawa kowa zai ajiye a asusun gyaran inji a duk awar da ya tashi.